Toka da Yashi a Injin Inna

Idan aka tambaye ni abin da ya fi kashe inji a ƙasar nan, ba na cewa rashin baƙin mai, ba na kuma cewa gurɓataccen gas. Yashi nake cewa. Mutane su yi dariya, su ɗauka wasa nake. Wallahi ba wasa ba ne. Ƙwayar yashi guda, wadda ko a tuwo ka tauna ta sai dai ka yi tsaki ka wuce, idan ta samu shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe mai juyawa, to ta samu gona. Haka za ta yi ta huɗa har sai inji ya kwanta.

Wannan karatun a Tudun Wada na ɗauke shi, wurin tsohon da ya koya mini aiki, wanda har gobe Oga nake ce masa, ko da yake yanzu rumfa ɗaya muke kuma ni ma na fara furfura. Oga ba ya duka, ba ya zagi, amma ajiye masa noti a ƙasa ka ga tashin hankali. Kafin a buɗe inji sai an share wuri an yayyafa ruwa. Duk abin da aka kwance sai ya hau kwali ko tabarma, a jere yadda ya fito. Murfin da ya shekara yana riƙe da ƙarfe, in ji shi, ya saba da wurinsa, kada ka juya masa fuska. Sai ya sa ka ɗauki ƙusa da guduma ka ɗiga masa alama tun kafin ka cire. Ba ya auna ƙarfe da zafinsa, sai ya huce. Kuma duk wankin da za ka yi wa silinda, wato ramin da fistin ke kai da komo a cikinsa, bai yarda ba sai ya zura farin ƙyalle ya goga ya fito da shi fari. In ya fito da duhu, ko magana ba zai yi ba, miƙo maka kawai zai yi ka sake.

Surukata kuwa tana can ƙasar Bebeji, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka zaunar da mutane bayan ruwan Tiga ya ci garinsu na asali. Inna muke ce mata. Da maigidanta ya rasu, abin da ya bar mata shi ne lambu a bakin hanyar ruwa da wani tsohon injin ban-ruwa mai shan gas, mai silinda ɗaya, nauyi kamar turmin dutse. Da albasar lambun nan take riƙe da gidanta shekara zuwa shekara, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ba ta da niyya.

Matata ce 'yar farinta. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kama sunan 'yarta, "ke" take ce mata. Ni kuwa ai ba a magana. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin ƙwayar idonta ba, ita ma ba ta taɓa ganin tawa ba. Daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa, in gaishe da ƙasa, ita kuma ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, ko da ina durƙushe a gabanta, sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ke, ki gaya masa kaza." Matata ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji da kunnena, ni ma in ba ta amsa ta mayar. Haka muka yi shekaru, lafiya lau, ban taɓa jin ya dame ni ba.

Shekarar da nake ba da labari, an gama dashen albasa ke nan injin ya fara ƙwanƙwasa. Aka aiko. Na goyo matata a babur muka taho, don in babu ita babu tafinta. Ina jin ƙarar na san inda ciwon yake. Karanshaf ne, sandar ƙarfen nan da ke juya komai a cikin inji, wuyansa ya cinye, mital ɗin da yake kwanciya a kai ya zama kamar tsohon cokali. Na ce a kashe shi yanzu-yanzu. Aka ɗora shi a amalanke aka kawo shi tsakar gida ƙarƙashin rumfa.

"Ke, tambaye shi albasar fa?" in ji Inna.

Na ce a gaya mata in Allah ya yarda ba za ta ji ƙishi ba. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don na san aikina. Dashe sabo ba ya jure rashin ruwa, kuma a lokacin kowa na fama da nasa lambun, babu mai injin da zai ara maka ya zauna yana kallo. Amma a lissafina kafin ƙasa ta bushe na gama.

Na kwance injin tsaf, na ɗiga alamomina, na tafi da karanshaf Tudun Wada. Ni da Oga muka ɗora shi a kan injin sassaƙar ƙarfe, muka rage wuyan kaɗan-kaɗan, a rage a bari ya huce a auna, har ya daidaita. Muka goge shi ya yi santsi, in ka kara farce ba ka jin komai. Oga ya tono mini sabon mital daidai da sabon awon daga cikin akwatinsa, na haɗa da sabon ringi, wato zoben da ke zagaye fistin. Na shafe komai da man giris don kada tsatsa ta taɓa, na naɗe a takarda. Ranar Juma'a da hantsi na iso gidan Inna ina jin kaina, na shimfiɗa tabarma, na jera kayana. Sai lokacin masallaci ya matso. Na ce bari in je in dawo, kafin la'asar inji ya tashi. Matata ma ta fita gaishe da wata ƙawarta da ta haihu.

Da na dawo, tun daga zaure na hango wani abu yana ɗaukar ido a tsakar gida. Na ƙaraso. Tabarmata wayam. Can kan gadon karan da ake kife kwanuka, ga karanshaf, ga fistin, ga mital, ga ringi an rataye su a tsinke, kowanne na ƙyalli a rana, ruwa na ɗiga. A gefe ga kwano da ragowar toka, ga tulin yashi mai laushi na bakin rafi, ga soso. Ko gangar injin da na bari ƙarƙashin rumfa ba ta tsira ba, an zura hannu cikin silinda an dirje ta tas.

Inna lillahi! Na tsaya da takalmi a hannu kamar an dasa ni.

Kowa ya san Inna da tsafta. Tukunyarta in ta gama da ita sai ka ga fuskarka a gindi. Ta fito ta ga kayan sirikinta sun yi dama-dama da baƙin maiƙo, ta ga bawan Allah ya sha hanya ya gaji, ta ce bari ta rage masa aiki. Abin da take yi wa tukunyar da ta fi so shi ta yi wa karanshaf ɗina, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

Matata ta shigo a bayana. Ta dubi gadon kwanuka, ta dube ni, ta toshe baki da mayafi. Matar bakanike ce, ta sha jin wa'azin yashi har ta haddace. Kafaɗunta sai rawa suke.

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, da ɗan jin daɗi a ciki. "Ke, ki gaya masa na ɗan taɓa masa kayan. Maiƙon ya yi taurin kai, sai da na sa yashi."

Matata ta juyo, hawayen dariya a idonta, ta ce, "Wai ta ɗan taɓa maka kayan."

To me zan ce? Ku gaya mini. In buɗe baki in ce wa surukata ta ɓata aiki? A gidanta? Ai ko a mafarki. Na durƙusa, na dubi ƙasa, na ce, "A ce mata an gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma."

Da muka koma zaure na kara farce a wuyan karanshaf, na ji yana kama ni, ƙar-ƙar-ƙar. Mital kuwa, da yake ƙarfe ne mai taushi, yashin ya shige cikinsa ya zauna, ya tashi daga aiki. Tsatsa har ta fara ja a jikin ringi. Dariyar matata ta ɗauke.

"Yanzu yaya ke nan? Albasar fa?"

"Komawa zan yi."

"Bari in gaya mata kawai. Uwata ce, ni zan iya."

Na ce kul. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba, a ce mata da hannunta ta jawo wa lambunta ƙishi, kuma a gaban siriki? Abinci ma sai ya gagare ta. Na ce ta ce mata akwai awon da na manta ban yi ba.

Aka isar da saƙo. Sannan na ji Inna ta ce, ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, "Awo kuma? To. Allah ya sa dai ya iya." Na haɗiye wannan ma. Da zan fita, wani maƙwabcinta da ke zaune a ƙofar gida ya ce, "A'a, bakanike, ba dai injin ya fi ƙarfinka ba? In kira mai gyaran keke ya taya ka?" Na yi masa murmushin da bai kai ciki ba na tayar da babur.

Oga ya karɓi karanshaf ya juya shi a hasken rana. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wace jaka ce ta taka wannan?"

"Oga, a yi a hankali. Surukata ce."

Na ba shi labari. Tunda nake da tsohon nan ban taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba. Sai da ya zauna a kan tsohuwar taya yana share ƙwalla da hular kansa. "Da toka! Da soso! Kai kuma ka ce an gode?" Na ce to me zan ce. Ya ce, "Wallahi ka yi daidai. Ni ma haka zan ce. Kawo shi nan."

Allah ya taimaka, zanen bai yi zurfi ba. Ba mu sake rage ƙarfen ba. Oga ya yanko siririyar takardar goge ƙarfe mafi laushi, ya jiƙa ta da mai, ya naɗa a wuyan, ya zagaya igiya a kai, muka yi ta ja, ni nan shi can, har santsin ya dawo. Sannan ya nuna mini ramukan da mai ke bi ta cikin karanshaf ya ce nan ne maƙiyin ya ɓuya. Muka zura waya da tsumma, muka tura fetur, muka hura iska da famfon taya. Abin da ya fito daga ramukan nan ya isa a shuka gyaɗa.

Matsalar mital ce. Wanda ya ba ni shi ne na ƙarshe a akwatinsa, kuma injin tsoho ne, ba kowane shago ke ajiye kayansa ba. Oga ya tuna da wani mai injin niƙa a Doguwa da ke da irinsa, mutum mai tara kayan gyara kamar mai shirin yaƙi. Washegari na kama hanya. Na same shi, na sha gaisuwa, na sha fura, na sha labarin duk injin da ya taɓa mallaka tun yana saurayi, ni kuwa hankalina na can kan albasa. Sai da ya gama tsaf sannan ya shiga ɗaki ya fito da mital a cikin takardarsa. Na auna, ya yi daidai. Na kusa rungume shi.

Da na koma ƙauyen, ta lambu na fara bi. Ƙasa ta tsage, ganyen albasa ya kwanta, kunyoyin gefe har sun fara fari. Can na hango Inna da matata, kowacce da bokiti a ka, suna ɗebowa daga hanyar ruwa suna zubawa. Lambu guda da bokiti! Tsohuwa tana tafe tana dafa ƙugu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Suka biyo ni gida. Ina sauke kaya na ji, "Ke, ki ce masa in akwai na wankewa ya ajiye." Matata ta dube ni, na dube ta. Na ce a ce mata wannan karon a wanke suka zo. Kayan nan ko alwala zan yi sai na ɗauke su na kai bakin rariya kusa da ni.

Saura gangar injin, wadda ba ta je Tudun Wada ba. Na sa aka dafa ruwa, na wanke silinda da sabulu da burushi, don fetur kaɗai ba ya ɗaga yashi, kwantar da shi yake yi. Na tsane ta, na shafa mai. Sannan na yi abin da hannuna ya saba ba tare da tunani ba: na zaro farin ƙyalle daga aljihu, na zura, na goga, na fito da shi. Ya fito toka-toka. Na murza shi tsakanin yatsu, yana ƙaras-ƙaras. Na yi tsaki na sake wankewa. Na nemi wani gefen ƙyallen mai tsabta na sake gogawa, ya sake fitowa da duhu. Na ɗaga shi a rana ina duba ƙwayoyin da ke ƙyalli a jiki.

Sai na ji tsakar gidan ta yi tsit. Na saci kallo ta gefen ido. Inna na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Ba ni take kallo ba. Ƙyallen take kallo, daga nan ta dubi tulin yashinta da ke gefen gadon kwanuka, ta sake duban ƙyallen. Inna ba yarinya ba ce. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige, na yi maza na cusa ƙyallen a aljihu, amma aikin gama ya gama.

Ta ajiye ludayin ta shiga ɗaki. Muka ji ana jan akwati. Matata ta yi tsuru-tsuru. Can sai ga ta ta fito da wani farin yadi a ninke, ta miƙa wa 'yarta.

"Ki ba shi. Ki ce wannan babu komai a jikinsa."

Matata ta karɓa, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Rawanin mahaifinta ne, wanda yake naɗawa ranar Idi. Ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Na ce a'a, a mayar, zan nemi wani tsumman. Inna ta ce wa bango, "Injin mai rawanin ne. Ki ce ya yaga."

Na yaga. Ban taɓa aiki da ƙyalle mai kyan wannan ba, ba ya barin zare ko ɗaya. Na yi ta wanki ina gogawa har ya shiga fari ya fito fari.

Ina ɗagowa na ga Inna ta kwashe yashin nan kaf ta kai bayan gida. Ta dawo da ƙwarya tana yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da rumfar, yadda Oga yake yi, alhali ba wanda ya gaya mata. Sannan ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna nesa, ta juya mini baya, da doguwar sanda a hannu. Duk kazar da ta nufo rumfar da niyyar tono sai ta ji sanda. Haka na haɗa injin nan da mai gadi. Na gwada ringi a cikin silinda na ga bakinsa ya bar 'yar ƙofa yadda ake so, na karkasa bakunan don kada su haɗu a layi ɗaya. Na shafa wa mital baƙin mai da yatsa kafin ya karɓi karanshaf. Na mayar da murfi ta fuskar alamata, in ɗaure kaɗan in juya da hannu in ji ko ya kama, in ƙara. Notunan kan injin na bi su a gicciye, wannan sannan na ƙetarensa, ba a ɗaure ɗaya tamau a bar sauran. Na juya babbar tayar injin da hannu, ta tafi sumul.

Da la'asar amalanke ya mayar da shi bakin ruwa. Maƙwabcin nan mai maganar gyaran keke har da shi a masu turawa, ya zo ganin ƙarshen wasa. Na jefa tiyo a ruwa, na yi bisimilla, na kama hannun tayarwa na juya. Ya yi tari, ya yi shiru. Na ji mutumin ya gyara murya. Na sake juyawa da dukkan ƙarfina. Ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sai ya kama, tum-tum-tum, babu ƙwanƙwasa ko kaɗan. Tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa kwalbatin lambu. Matata ta yi guɗa ta kwasa da gudu da fartanya zuwa can ƙarshen lambu don ta buɗe wa ruwa hanya. Maƙwabcin ya ce shi dama ya san zan iya, ya bi amalanke ya tafi.

Kunyoyin gefe sun riga sun tafi, ba yadda za a yi da su. Amma sauran, ana ba su ruwa ƙasa na sha tana ƙara, na san za su tashi.

Na durƙusa ina goge hannu da guntun rawanin. Sai na lura Inna na tsaye ba nisa, tana kallon ruwan yana bin kunya. Daga ni sai ita, 'yarta na can nesa, ko ihu aka yi ba za ta ji ba saboda ƙarar inji. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai ta ɗan juya gefen da 'yarta ta saba tsayawa, inda babu kowa sai iska, ta ce, "Ke, ki gaya masa na ga abin da ya yi. Ki ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu rufa masa asiri."

Na dubi ƙasa, na ce, "Za a gaya masa, Inna."